Yadda Ake Tattalin Wuta da Cajin Batir a Jirgin Filafilai Idan An Saki Anka

Da zarar anka, ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgin ruwa wuri ɗaya, ta kama ƙasa, ka kashe inji, shiru ya sauka, to daga nan duk wutar da za ka sha tana cikin akwatin batura da ke ƙarƙashin wurin zama ko gefen ɗakin inji. Babu wayar da ta haɗa ka da tudu. Firji na ci, fitilu na ci, famfon ruwa na ci, waya da kwamfuta na jiran nasu rabon, kuma duk abin da aka ɗiba kai ne za ka nemo hanyar mayar da shi, ko daga rana, ko daga iska, ko daga man da ke tanki.

Yawancin baturan da ke mutuwa tun lokacinsu bai yi ba a irin waɗannan jirage, rashin ƙoshi ne ajalinsu. Kullum ana ɗiba, ana mayar da abin da ya samu, amma ba a cika su su kai bakinsu. Mai jirgin kuwa bai sani ba, tunda fitila tana kamawa, firji yana sanyi, sai ranar da ya tarar batirin da a da ke kai shi kwana biyu ya kasa kai shi asuba. Matakan da ke tafe duk wannan matsalar suke son tarewa. Lissafin da zan yi na jirgi ne mai tsarin bolt 12, wanda shi ya fi yawa. Mai bolt 24 sai ya raba adadin amp gida biyu.

Mataki na 1: Ware batirin tayar da inji

Kafin komai, ka tabbata batirin da ke tayar da inji yana zaman kansa, babu fitila ko firjin da ke shan sa. Sauran baturan, waɗanda ake kira na gida, su ne na hidimar yau da kullum. Da ruwan ciki kan ja na rijiya: in babu wutar murza inji, dizal ɗin da ke tanki ba zai amfane ka da komai ba.

Jirage da yawa suna da wani babban makunni mai zagaye, da matsayi huɗu: batir na ɗaya, na biyu, duka biyu, da kashewa. In irinsa gare ka, abu biyu za ka haddace. Da ka kashe inji, ka mayar da shi kan baturan gida kawai, don wanda ya manta shi a kan duka biyu ya kwana yana iya tashi ya tarar ya zuƙe su tare. Sannan kada ka kuskura ka murɗa shi zuwa kashewa alhali inji yana aiki. Altaneta, na'urar da inji ke juyawa tana cajin batura, za ta rasa inda za ta zuba wutarta, ƙarfin ya yi tsalle, ya ƙone diyod ɗinta kafin ka ƙifta ido. Ni dai na fi son a sa 'yar rile mai jin ƙarfin bolt, wadda ke haɗa baturan da kanta idan caji ya fara, ta raba su idan ya tsaya. Mutum yana gajiya ya manta, ita kuwa ba ta mantuwa.

Mataki na 2: Rubuta abin da kake ci a yini

Ɗauki takarda da biro, ka bi jirgin daga gaba har baya, ka rubuta duk abin da ke shan wuta. Ma'aunin shi ne amp-awa, ana taƙaita shi da Ah, wato amp ɗin da na'ura ke ja sau awannin da take aiki. In wat aka rubuta a jikinta, raba da 12 ka samu amp. Kwamfutar cinya mai wat 48 tana jan amp 4, in ta yi awa uku a kunne ta ci Ah 12.

Ga misalin jirgin mutum biyu a wuri mai zafi. Firji yana jan kamar amp 4.5 idan kwamfuresa ta tashi, in ta yi jimlar awa 10 tana aiki tsakanin dare da rana, Ah 45 ke nan. Fanka biyu na dare, Ah 8. Fitilun ciki na LED, Ah 4. Rediyon VHF na magana da sauran jirage a kunne ana saurare, Ah 6. Na'urar taswira da aka bari tana gadin anka, don ta yi ƙara idan jirgi ya fara jan ta, Ah 10. Kwamfuta 12, wayoyin hannu 4, famfon ruwan sha 2, fitilar anka 3. An tashi 94. Sai ka ƙara ƙananan masu tsotso da ba a lura da su, irin na'urar jin warin gas da cajar da aka bari a soket, ka ce Ah 100 a kowace awa 24.

Wannan misali ne kawai, naka zai bambanta, kuma gani ya kori ji. Bayan ka sa mitar da zan yi bayani yanzu, ka zaɓi wani dare, ka kashe komai, ka dubi abin da take nunawa. In ba sifili ba ne, akwai mai sha a ɓoye, ka nemo shi. Daga nan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya kana rubuta abin da kowanne ya ja. Rabin awa aikin zai ci maka, kuma za ka fi shekara kana cin moriyar takardar.

Mataki na 3: Sa mitar da ke ƙirga shiga da fita

Mitar bolt da ke jikin allon makunnai ba ta faɗin gaskiya sai batir ya huta. In firji ya tashi, lambar za ta faɗi. In rana ta haska sola, za ta hau ta nuna 13 da wani abu ko da batirin rabi yake. Kafin ka yarda da ita, sai batir ya yi awanni ba a ɗiba ba a zuba. A wannan halin, batirin dalma mai nuna 12.6 zuwa 12.7 a cike yake, 12.2 kusan rabi, 12.0 kuwa saura kamar kwata. Amma a jirgin da mutane ke zaune ciki, yaushe batir zai samu wannan hutun?

Shi ya sa ake sa mita mai ƙirga amp-awa. Tana aiki da wani guntun ƙarfe da aka auna ƙarfinsa, ana ce masa shant, galibi mai ɗaukar amp 500. Ana ɗaura shi a kan babbar wayar negatif, dab da baturan gida, yadda duk wutar da za ta shiga ko ta fita sai ta ratsa ta cikinsa. Ƙa'idar ɗaurin guda ce: a gefen da ke kallon batir, waya ɗaya tak, wadda ta tafi kan batir. Duk sauran wayoyin negatif, na sola, na inji, na inbata, na famfo, su koma ɗaya gefen. Na taɓa yin kwanaki ina ganin mita na cewa batura suna ta raguwa, alhali rana tana dukan farantan sola tun safe. Da na ɗaga murfin akwatin na bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata siririyar baƙar waya daga kwantirolar sola, mai daidaita wutar da sola ke turo wa batir, an ɗaure ta kai tsaye a kan batir, ta tsallake shant. Wuta tana shiga, mita ba ta gani. Sifana da minti biyar suka gyara abin.

Mitar nan lissafi take yi, kuma lissafin yana karkacewa kaɗan-kaɗan kowace rana. Ba ta komawa daidai sai batir ya cika sosai ta gane ya cika, ta mayar da kanta ɗari bisa ɗari. In ka yi mako biyu ba ka cika shi ba, kada ka sakankance da kason da take nuna maka. Kuma batirin da aka saya yana Ah 400 ba ya zama 400 har abada, don haka kowace shekara ka rage adadin da ka shigar mata. Adadin da ke jikin batirin dalma ma, an auna shi ne a kan ɗiba a hankali cikin awa 20. In ana jan wuta da ƙarfi, abin da zai bayar bai kai haka ba, kamar yadda wani Bajamushe, Wilhelm Peukert, ya bayyana tun 1897. Mitoci masu kyau suna da gurbin shigar da lambar da ake kira da sunansa, ka duba takardar batirinka ka sa wadda ta dace.

Mataki na 4: San halin batirinka

Batirin dalma da asid tsoho ne, Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau yana cikin jirage da yawa, ko mai ruwa da ake buɗe murfinsa, ko rufaffe irin AGM da jel. Dokarsa ta farko: kada ka riƙa sauke shi ƙasa da rabi. Ta biyu ita ce wadda aka fi karyawa, kuma sai an fahimci yadda yake karɓar caji za a gane ta.

Cajinsa hawa uku ne. Da farko, yana cikin yunwa, yana haɗiye duk amp ɗin da aka ba shi, bolt yana hawa a hankali har ya kai wajen 14.4. A nan batirin ya kai kamar kashi 80 cikin ɗari. Sai hawa na biyu: ana riƙe bolt a nan, batirin kuwa ya fara ƙin karɓa, amp yana sauka, daga 50 zuwa 30, zuwa 15, zuwa 8. Wannan hawan yana cin awanni, kuma babu dabarar gaggauta shi, ko da altaneta ɗinka ta kai girman me. Ana cewa ya cika ne idan bolt yana nan a 14.4 amma abin da yake karɓa ya sauko zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari na girmansa, wato amp 4 zuwa 8 ga batura masu Ah 400. Hawa na uku riƙo ne kawai, a wajen 13.2 zuwa 13.8, don kada ya zube. Ainihin lambobin suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, jel ma ya fi son ƙasa da haka, saboda haka na takardar batirinka su ne abin bi.

To me zai faru in kullum a hawa na farko ake tsayawa? Duk lokacin da batirin dalma ya ba da wuta, wani farin sinadari mai suna salfet yana kwantawa a kan farantan cikinsa. Cikakken caji yana narkar da shi ya koma cikin ruwan. Wanda aka bari kuwa, da kwanaki sun ja sai ya sandare ya ƙi narkewa, wannan gurbin farantin ya mutu ke nan. Haka batir ke ƙanƙancewa a ciki alhali daga waje yana nan yadda yake. Don haka a zaman anka, inda a aikace kake yawo tsakanin kashi 50 da 85, ka ɗaura wa kanka cika shi har ƙarshe aƙalla sau ɗaya a mako. Ka kuma lura da abin da wannan ke nufi ga lissafinka: kashi 35 na Ah 400 shi ne 140, wato mai cin 100 a yini kwana ɗaya da ɗan ƙari ke hannunsa. Sannan abin da ka ɗiba sai ka mayar da shi da ƙarin kashi 10 zuwa 20, saboda wani yana tafiya a zafi.

Batirin litiyam irin LiFePO4 halinsa daban. Kowane ɗaki nasa bolt 3.2 ne, huɗu su ba da 12.8. Ana iya cin kashi 80 nasa ba tare da damuwa ba, yana karɓar caji da ƙarfi kusan har ƙarshe, kuma zama a rabi ba ya cutar da shi. Amma yana da nasa sharuɗɗan. Ba a cajin sa idan sanyi ya kai digiri sifili. Bolt ɗinsa kusan a tsaye yake daga kashi 20 har 90, don haka in babu shant kana cikin duhu. Yana da na'urar tsaro a jikinsa, BMS, wadda ke yanke shi gaba ɗaya idan ta ga haɗari, kuma in ta yanke inji yana aiki, altaneta ce za ta ji a jikinta. Ƙari a kan haka, saboda ba ya ƙoshi da wuri, yana iya sa altaneta ta yi ta aiki da iyakar ƙarfinta har ta ƙone. Maganin shi ne a sa caja mai iyakance amp tsakanin batirin inji da na litiyam, ko regileta ta waje mai jin zafin altaneta. Kada a cire na dalma a dasa na litiyam a gurbinsa haka kawai.

Mataki na 5: Rage ci kafin ka ƙara samu

Amp ɗin da ba ka kashe ba ya fi sauƙin samu a kan wanda za ka nema, kuma firji ne wurin farawa. Ka duba robar bakin murfinsa: maƙale takarda ka rufe, in ta zare cikin sauƙi sanyi yana gudu ta nan. Ka share ƙurar da ke kan ragar da ke fitar da zafi, ka tabbata iska tana ratsa inda kwamfuresa take. Ƙanƙarar da ta taru a jikin farantin sanyi tana hana shi aiki, a narkar da ita. Firji cike ya fi wanda babu komai riƙe sanyi, don haka cike gurbin da robobin ruwa. Da tsakar rana, lokacin da sola ke ba da fiye da abin da batir zai iya karɓa, ka ƙara masa sanyi, da yamma ka mayar da shi daidai.

Inbata, mai mayar da wutar batir ta koma irin ta gida, tana ci ko ba a jona mata komai ba. In tana jan amp 1 a zaune, Ah 24 ke nan a yini a banza. A kunna ta lokacin buƙata kawai, waya da kwamfuta kuwa a nemo musu caja mai aiki kai tsaye da bolt 12. Duk abin da ke ɗumama abu da lantarki a yi hattara da shi: butar wat 1200 tana jan sama da amp 100 daga batir.

Akwai abu biyu da ba a tsimi a kansu. Na farko fitilar anka. Dokokin hana karo a teku na 1972, a doka ta 30, sun wajabta wa jirgin da ke kan anka ya nuna farar fitila mai haske ta kowace fuska daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Jirgin da bai kai mita 50 ba fitila ɗaya ta ishe shi, a kuma iya hango ta daga mil 2 na teku. Da rana kuwa baƙin ƙwallo ake ratayawa a gaban jirgi. Tsohon ƙwai mai wat 25 yana cin wajen Ah 25 a dare ɗaya, abin da ke sa wasu su kashe shi su kwana cikin duhu, suna sa ransu da na wasu a haɗari. Na LED bai fi Ah 3 ba, a sauya shi a huta. Na biyu famfon da ke kwashe ruwa daga ƙasan jirgi. A haɗa shi da batir ta fis nasa na kansa, yadda ko an kashe babban makunni yana nan a shirye.

Mataki na 6: Tsara hanyoyin samun wuta

Sola ita ce uwa a zaman anka, ba ta ƙara, ba ta shan mai, kuma ita ce ta dace da dogon hawa na biyun nan. A wuri mai rana sosai, ka raba wat ɗin farantanka da 3 ko 4 ka samu kimanin Ah da za su ba ka a yini. Wat 300 zai ba da 75 zuwa 100. Mai cin Ah 100 ke nan wat 400 ya kamata ya nema, don ya samu rarar ranar gajimare.

Babbar abokiyar gabar sola a jirgin filafilai ita ce inuwa, jirgin kuwa cike yake da masu yin ta: jigo, wato doguwar sandar tsaye, da sandar kwance da ke riƙe gindin filafili, igiyoyi, eriya. Ƙananan ɗakunan faranti a jere suke kamar zoben sarƙa, in inuwar igiya ta rufe guda ɗaya sai ta shaƙe duk layin. Ka gwada da kanka: tsaya gaban mita da hantsi, wani ya ɗora tafin hannunsa a kusurwar faranti, ka ga yadda amp zai faɗi. Saboda haka da safe ka ja sandar kwancen gefe ka ɗaure ta inda ba za ta yi inuwa ba, ka kwashe tawul da kayan shanya daga kusa. Jirgi a kan anka yana juyawa da iska da igiyar ruwa, farantin da ke cikin rana yanzu anjima yana inuwa, shi ya sa ya fi kyau kowane gefe ya samu kwantirolarsa. Kwantirola irin MPPT ta fi PWM tatso wuta daga faranti. Wajen haɗawa, batir ake fara jona mata sannan faranti, wajen cirewa kuma faranti ake fara cirewa. Gishirin teku da kashin tsuntsaye suna dusashe gilashin, a goge da ruwan daɗi da tsumma mai laushi tun da safe kafin ya yi zafi.

Injin iska yana da amfani, amma a san iyakarsa. In gudun iska ya ninka biyu, wutar da ke cikinta ninki takwas take yi, in ya ragu da rabi sai ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Mai neman wurin sakin anka kuwa inda iska ta lafa yake nema. Inda iska ke kaɗawa dare da rana ba fashi, yana taimakawa ƙwarai, musamman da dare. A lungu mai kwanciyar iska, kada ka sa shi a lissafi.

Sai inji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tayar da shi da yamma, bayan sola ta riga ta kai batir kashi 85, a bar shi awa biyu yana ƙona mai batir yana karɓar amp 10. Lokacin inji shi ne sassafe, sa'ad da batir ke ƙasa kuma yake haɗiye duk abin da aka ba shi. Ka ba shi awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kana kallon mita. Da ka ga bolt ya kai 14.4 amp ya fara sauka sosai, kashe, ka bar wa rana ragowar aikin, tana da yini guda na yin sa. Kada ka bar shi a mafi ƙarancin gudu, ka ɗaga shi wajen juyi 1200 zuwa 1500 a minti ba tare da sa giya ba, ka leƙa ka ga ruwan sanyaya yana fita ta salansa. Injin dizal ba ya son doguwar tafiya ba kaya, yana tara baƙin hayaƙi a cikinsa, wannan ma dalili ne na taƙaita lokacin. Altaneta da aka rubuta wa amp 80 kuwa, da ta yi zafi ba za ka ga 80 ba. In ka ji ƙugi ko ka ga baƙin gari a gaban inji, fambel ne ke santsi, a ɗaure shi.

Ƙaramin janareta na fetur yana caji da kyau ta cajar jirgi, amma hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. A ajiye shi a sarari inda iska za ta tafi da hayaƙin nesa da ƙofa da tagogi, kada a kwanta barci yana aiki, a kuma sa na'urar gargaɗi a ɗakin kwana. Ka tuna da maƙwabta ma, ƙara tana tafiya nesa a kan ruwa.

Mataki na 7: Bi yini da tsari

Da asuba, kafin rana ta taɓa faranti, ka dubi mita ka rubuta kaso da bolt a littafi. Wannan ita ce lamba mafi ƙasa ta yinin, ita ce kuma ke gaya maka gaskiya. In batirin dalma yana sama da kashi 70 kuma sama garau take, sola za ta wadatar. In ya kusa 55, ko gari ya tashi da hadari, tayar da inji yanzu. Manyan ayyuka, irin cajin kwamfuta, injin tace ruwan teku da kayan aiki masu batir, a jinkirta su zuwa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da batir ya fara ƙin karɓa kuma rarar wutar sola za ta tafi a banza. Da magariba ka sake rubutawa, ka kunna fitilar anka, ka kashe inbata. In ka jera lambobin asuba na kwana biyar ka ga kowace tana ƙasa da ta jiya, to cinka ya fi samunka, ko dai ka rage ko ka ƙara awannin inji.

Mataki na 8: Buɗe akwatin batura sau ɗaya a mako

Cire zobe da agogon ƙarfe tukuna, ka sa tabarau. Taɓa kowane kan batir ka ji ko yana motsi, ka duba ko akwai koren tsatsa ko farin gari. Lokacin da ake caji da ƙarfi, ɗora bayan yatsa a kan mahaɗan wayoyi: wanda ya yi ɗumi, a kwance yake ko ya yi datti, kuma yana cinye bolt ɗin da ya kamata ya isa batir. A tsarin bolt 12, asarar kashi 3 cikin ɗari ita ce 0.36, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa kwantirola ta ɗauka batir ya kai 14.4 alhali bai kai ba. Wayar jirgi ta zama ta jan ƙarfe mai silili da yawa wadda aka shafe da kuza, saboda gishiri. Kowace wayar fozitif da ta bar batir tana buƙatar fis kusa da shi. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta ce cikin inci 7, kimanin santimita 18.

Mai batirin ruwa ya buɗe murafe ya ga ruwan ya rufe farantai. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, ban da asid, kuma bayan caji ake cikawa sai dai in farantan sun fito fili. Yayin caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wurin, don haka akwatin ya samu mafita ta sama, ban da taba, ban da tartsatsi. Zafi ma yana rage wa batir kwana, in da hali a nisanta shi da jikin inji.

Mataki na 9: Ranar tashi

Injin janye anka yana cikin mafi cin wuta a jirgi, yana iya jan amp 80 zuwa sama da 100. Tayar da babban inji tukuna, ka ɗan ɗaga gudunsa, ka ga caji ya fara shiga, sannan ka taka makunnin. Kada ka ja jirgi zuwa wurin anka da ƙarfin injin janye ankar. Ka matsa gaba a hankali da inji, shi kuwa ya riƙa naɗe sarƙar da ta saki. In ka ji muryarsa ta yi nauyi ya fara ja da ƙyar, ɗaga ƙafarka, ka ɗaure sarƙar, ka bar motsin jirgi ya ɓamɓaro ankar daga laka. In kuma tafiyar ranar za ta ci awanni da inji, to ita ce damar cikakken cajin makon nan: ka bar batura su bi hawa na biyu har amp ya sauko ƙasa da 8, ka ga mita ta koma ɗari, sannan ka rubuta kwanan watan a littafi don ka san ranar da za ka fara ƙirga mako na gaba.